Littafin aikin na'urar kare batir: yadda sunayen mahaɗa suka ci mini wata guda

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau na koma kan na'urar kare batir da na ajiye tun kafin azumi. A cikin wata uku an kawo mini batir huɗu shago, duk na sola, duk ciwonsu ɗaya: ana barin fanka da fitila suna zuƙa har batir ya faɗi ƙasa da bolt 10, dare bayan dare, har farantan dalmar da ke ciki su daina karɓar caji. Na ƙarshen na Islamiyyar unguwarmu ne a Mabera, wanda iyayen yara suka yi karo-karo suka saya, ko shekara bai rufa ba. Shi ya fi tsaya mini a rai. Abin da nake son haɗawa ɗan sakit ne da zai yanke kaya idan batir mai bolt 12 ya sauko wajen 11.4, kuma ya ƙi mayarwa sai rana ta ɗaga shi zuwa wajen 12.5.

Kayan ba su da yawa, kuma duk ana samunsu a nan Sakkwato: TL431 mai riƙe bolt 2.495 a matsayin abin awo, LM393 mai kwatanta bolteji biyu, mosfet IRFZ44N da zai zama makunni, sai rasistoci. Kafin in ƙona ko da ɗaya, ina gwada komai a kwamfuta da ngspice, manhajar da ke kwaikwayon aikin sakit, ina rubuta jerin haɗin da hannuna, wato fayil ɗin da ke jera kowane kaya da mahaɗansa (mahaɗa ita ce wurin da bakunan kaya suka haɗu). Ɗan yayata, da ke karatun lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yana zuwa taya ni da yamma. Shi LTspice ya saba da ita, wata manhajar irinta mai zane.

Tun yau aka fara. Na sa batir ya sauko daga 14 zuwa 10 ya sake hawa, sakit ya ƙi yankewa ko sau ɗaya. Na kusa awa ina zargin LM393, ashe layi ɗaya ne:

`r3 fita raba 1M`

Niyyata om miliyan ɗaya. A yaren SPICE kuwa, wanda ngspice da LTspice duka ke amfani da shi, `M` da `m` duk ɗaya ne, kuma ma'anarsu kashi ɗaya cikin dubu. Wato maimakon rasista mai ƙyale ɗan ɗigon wuta, na ɗaure mahaɗa biyu da waya tsirara. Miliyan `meg` ake rubutawa. Na san wannan shekara da shekaru, hannuna ne ya bi abin da ke rubuce a jikin ledar rasistan. Manhajar ba ta ce uffan ba, don a wurinta babu laifi. Da na gyara, ya yanke a 11.86, ya dawo a kusan 12.3.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na yanke shawarar ba kowace mahaɗa sunan Hausa, domin yaran shago su iya karanta fayil ɗin ba tare da ni ba. `batir`, `raba` don inda rasistoci biyu suka raba boltejin, `fita` don bakin LM393, sai ƙofar mosfet, sai abin awo, sai ƙasa. Uku na farko sun wuce lafiya. Sauran ukun kowanne ya zo da tasa.

Na rubuta `ma'auni` a layin TL431, manhaja ta tsaya cak. A ngspice wannan alamar da muke rubuta alhamza da ita buɗe lissafi take yi, tana jiran 'yar'uwarta ta rufe, kamar `'r1*2'`. Ta ga an buɗe ba a rufe ba. Na mayar da shi `mizani`. `ƙofa` kuwa ni na janye ta da kaina, na rubuta `kofa`. Fayil ɗin zai riƙa yawo tsakanin kwamfutata mai Linux da ta yaron, ɗan yayata, mai Windows, kuma na sha ganin haruffanmu masu ƙugiya sun rikiɗe sun koma wasu alamomi a irin wannan tafiya. Raina bai so ba, don ni mai faɗa ne da masu cire wa ƙ da ɗ ƙugiyarsu a rubutu. Abin da na yi shi ne, a layukan bayani, waɗanda ke farawa da tauraro kuma manhaja ba ta karanta su, ina rubuta Hausata cikakkiya.

Ta uku ita ce babba. Na sauya duk `0` zuwa `kasa`, sai ga ƙorafi cewa lissafin ba ya warwaruwa, tana ta nuna mahaɗai tana cewa a duba su. A SPICE ƙasa sunanta sifili, ba ta da wani. Daga ita ake auna kowane bolteji, idan babu ita sakit ɗin gaba ɗaya yana reto ne a iska. ngspice tana yi wa `gnd` alfarma ta mayar da shi `0` da kanta, amma `kasa` a wurinta wata mahaɗa ce kawai kamar kowace. Har `00` ma ba `0` ba ne a ngspice, domin sunaye take karantawa, ba lambobi take ƙirgawa ba.

Yaron ya ce, "Kawu, don mi abu na zamani zai yi wanga taurin kai?" Na ce masa ba na zamani ba ne, ya girmi mahaifiyarsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka aka haife shi, Laurence Nagel ya rubuta shi a ƙarƙashin Farfesa Donald Pederson, aka gabatar da shi a 1973. SPICE2 ya biyo a 1975 da yaren Fortran, lokacin da ake huda kati a ciyar da kwamfuta, kuma lambobi zalla ne sunayen mahaɗai. Sai a SPICE3, wanda aka sake rubutawa da yaren C, aka samu sakewar sa suna na haruffa, kuma daga shi ngspice ta fito. Wannan gado ne ya sa har gobe layin farko na fayil take ne, ko me ka rubuta a wurin ba a lissafa shi. Shi ya sa kuma harafin farko na sunan kowane kaya yake faɗin jinsinsa: `r` rasista, `c` kafasita, `d` diyod, `q` taransista, `m` mosfet, `v` tushen bolteji, `x` ƙunshin wani sakit. Ba ka isa ka kira batirinka `batir1` a farkon layi ba, domin `b` na wani jinsin tushe ne daban mai aiki da lissafi. Sai dai `vbatir`.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na bar wa yaron ya ƙara kayan da za a kunna, ya sa wa bakunansu biyu `po` da `ne`, wato fozitif da nagetif a gajarce. Gwajin ya gudu lafiya. Da ya zo neman bambancinsu da `print v(po) - v(ne)`, sai umarnin ya ƙi. A cikin sashen umarni na ngspice, `ne` kalma ce mai aikinta, ma'anarta "ba daidai da". Suna da yawa: `gt`, `lt`, `ge`, `le`, `eq`, `ne`, `and`, `or`, `not`. An ƙirƙiro na kwatantawar ne saboda alamar `>` a can tana nufin a zuba sakamako cikin fayil. Ya yi shiru, sannan ya ce da ya rubuta "na" irin tamu ta Sakkwato da ta wuce. Gaskiyarsa. Mun sa `kaya_sama` da `kaya_kasa`. Na kuma nuna masa `v(kaya_sama,kaya_kasa)`, wanda ke ba da bambancin kai tsaye.

Talata, 15 ga Afrilu

Yau ranar karant ce, kuma a nan manhajojinmu biyu suka fara raba hanya sosai.

A LTspice yaro yana ɗora alama a kan kowane kaya ya danna, sai `I(R3)` ya fito. A ngspice `i(r3)` ba ya aiki haka. Abin da `i` ke kamawa kai tsaye shi ne karant ɗin da ke bi ta tushen bolteji, saboda a lissafin SPICE wannan karant yana cikin abubuwan da ake nema tun asali, na rasista kuwa sai an ciro shi daga baya. Dabarar da aka gada ita ce a saka tushe mai bolt sifili a kan hanya ya zama mita:

`vauna kaya_kasa magudana 0`

Sai a kira `i(vauna)`, ko ainihin sunansa na ciki, `vauna#branch`. Akwai hanya ta biyu, `@r3[i]`, amma tana da tarko. Na rubuta ta bayan gwajin ya gama, ta ba ni lamba ɗaya tal maimakon dogon jeri. Lambar ta ƙarshen lokaci ce kawai. Sai an gaya wa manhaja tun kafin a fara ta riƙa adanawa. Da na sa `save @r3[i]`, sai duk sauran boltejina suka ɓace, don na ce ta adana wannan, ita kuma ta ɗauka shi kaɗai nake so. Daidai shi ne `save all @r3[i]`.

Sai maganar alamar ragi. `i(vbatir)` ya fito −10, yaron ya ce mun juya batir. Ba mu juya ba. SPICE tana ƙirga karant a matsayin mai kyau idan ya shiga ta bakin fozitif na tushen ya fita ta nagetif. Batirin da ke ciyar da kaya kuwa ta fozitif yake fitarwa, don haka ragi zai nuna. A `vauna` na jera bakunan yadda wutar ke bi, ya ba ni 10 ba ragi.

Wannan awon ya tona wani abu da ya fi sunaye muhimmanci. A amfiya 10, juriyar IRFZ44N idan ya buɗe sosai takan kai om 0.0175, wato wat 1.75 na zafi. Irin wannan jiki nasa, ba tare da ƙarfen sanyaya ba, yana hawa wajen digiri 62 a kan kowane wat. Ka lissafa, sama da digiri 100 ke nan a kan zafin ɗaki, ga juriyar kuma tana ƙaruwa in ya yi zafi. A Afrilun Sakkwato, cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, wannan kashe kai ne. Dole a ɗaura masa ƙarfen sanyaya, ko a sa biyu su raba nauyin.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Babu wuta tun safe, batirin laftof ya ba ni minti arba'in. Tazarar da ke tsakanin yankewa da dawowa ta yi kaɗan, ba ta kai rabin bolt ba. Batir da an sauke masa kaya yakan farfaɗo da kansa ya haura haka, sakit ya mayar, ya sake faɗuwa, a yi ta kunna-kashe. Na sauke `r3` zuwa 390k. Yanzu yankewa 11.36, dawowa 12.47. Na yarda da waɗannan.

Yaron ya gama zana sakit ɗin a LTspice. Daga yau jerin haɗin da zanensa ya fitar za mu riƙa amfani da shi, ni kuma in riƙe rubutun umarni. `batir` kaɗai ya sa wa suna, sauran manhajar ta raɗa musu nata: `N001`, `N002`, haka. Na duba na ga `fita` ta zama `N004`, na sauya a rubutuna cikin gaggawa kafin laftof ta mutu.

Talata, 22 ga Afrilu

Wannan ita ce ranar da ta sa na ɗauki rubuta littafin nan da muhimmanci.

SPICE tana ɗaukar zafin sakit digiri 27 idan ba a gaya mata komai ba. Mu nan rabonmu da 27 da rana tun sanyi. Don haka na rubuta madauki da zai maimaita gwajin a 27, 45 da 70:

```
foreach zafi 27 45 70
  option temp = $zafi
  tran 1m 2
  meas tran s_yanke find v(batir) when v(n004)=2.5 fall=1
end
print tran1.s_yanke tran2.s_yanke tran3.s_yanke
```

Ma'anar layin `meas`: ki faɗa mini boltejin batir a daidai lokacin da `n004` ta faɗo ta ratsa 2.5. Kowane zagaye yana ajiye kayansa a rumbunsa, `tran1`, `tran2`, `tran3`, shi ya sa ake kiran sakamakon da sunan rumbu a gaba.

Amsa ta fito: 11.38, 11.38, 11.38. Yaron ya miƙe tsaye don murna, ya ce, "Kawu, zahi bai taɓa ta ba, dut ɗaya na!" Ni ma na ji daɗi, har na fara lissafin kuɗin allo goma. Bayan na dawo daga La'asar sai abu biyu suka riƙa sukata. Na farko, ranar Alhamis 11.36 na gani, ba 11.38 ba. Na biyu, babu kayan lantarkin da za a ɗaga daga digiri 27 zuwa 70 bai motsa ko kaɗan ba, kuma samfurin TL431 da nake amfani da shi da taransistoci aka gina shi, yana jin zafi. Na ƙara yawan lambobin da ake nunawa, su ukun suka fito iri ɗaya sak.

Na tambaye shi ko ya taɓa zanen. Ya ce ranar Lahadi ya ƙara rasista mai om 100 kafin ƙofar mosfet kamar yadda na umarce shi, ya kuma matsar da kayan don zanen ya yi kyau. Na buɗe sabon jerin haɗin. `N004` ba bakin LM393 ba ce yanzu. Ta koma `raba`. Waɗannan lambobin ba na dindindin ba ne, duk lokacin da aka fitar da jerin haɗi sabon rabo ake yi, kuma ƙara waya ɗaya ko matsar da kaya na iya sauya wanda ya samu wace lamba.

Abin da ya sa kuskuren ya ɓuya shi ne ƙaddarar lambobi. Mahaɗar `raba` ita ma tana saukowa ta ratsa 2.5, kuma tana yin haka dab da lokacin yankewa, tunda mizanin 2.495 ne. Rasistocin suna raba batir da kusan 4.55, ka ninka da 2.5 ka samu 11.38. Wato rasistoci nake aunawa, waɗanda ban ba su halin jin zafi ba, ina zaton sakit nake aunawa. Da `N004` ta faɗa kan wata mahaɗa da ba ta taɓa kai 2.5 ba, da awon ya gaza, da na ga ƙorafi nan take. Sai ta faɗa kan mahaɗa ɗaya tilo da za ta ba ni amsa mai kama da gaskiya.

Yaron ya shiga damuwa yana ba ni haƙuri. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ni na jingina awona da sunan da ba ni na raɗa ba, kuma na san halinsa. Muka zauna ya danna F4 ya liƙa wa kowace waya sunanta a zane, har waɗanda ba ma aunawa. Na mayar da layin `v(fita)`, na kuma ɗaga mararrabar zuwa 6, tsakiyar lilon bakin LM393, nesa da duk wata lamba da `raba` ko `mizani` za su iya kaiwa. Sabuwar amsa: 11.36 a digiri 27, 11.33 a 70. Bambancin ƙarami ne, batir ba zai ji shi ba, sakit ɗin lafiyarsa ƙalau tun farko. Amma na san da wani awo ne mai haɗari, kamar na zafin mosfet, haka zan ɗauki amsar ƙarya in kai makarantar yara.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun naɗe sakit ɗin ya zama ƙunshi ɗaya mai baki uku, domin in iya jera biyu a gwaji guda, na fankoki da na fitilu. Da an naɗe, mahaɗan ciki sai su ɗauki sunan gidansu, kuma kowace manhaja da yadda take haɗa sunan. A zanen yaro ƙunshin `U1` ne, `raba` ta ciki ita ce `V(u1:raba)`, da ruwa biyu a tsakani, kuma sai ya shiga saituna ya ce a adana boltejin cikin ƙunshi kafin ya gan ta. A wurina layin `xu1` ne, sunan kuma `v(xu1.raba)`, da ɗigo. Na kaya ya fi tsawo, don harafin jinsi yana dawowa gaba: mitar ciki `i(v.xu1.vauna)`, rasista `@r.xu1.r3[i]`. Ban ƙara yin hasashe ba. `listing e` yana warware ƙunshi ya nuna kowane layi da cikakken sunansa, `display` kuma yana jera duk abin da ke rumbu bayan gwaji. Daga can nake kwafowa.

Wani abu da yaron bai sani ba sai yau: a layin `x`, suna ba ya haɗa komai, jeri ne ke haɗawa. Ko da mahaɗar waje da bakin ciki sunansu ɗaya, na farko da na farko za a ɗaura, na biyu da na biyu. Na sa ya buɗe fayil ɗin TL431 da na LM393 ya karanta jerin bakunan a layin `.subckt` da idonsa, ya gwada da namu. Samfurin LM393 ɗin don PSpice, wata manhajar SPICE daban, aka rubuta shi, sai da na sa `set ngbehavior=ltpsa` a fayil ɗin `.spiceinit` ngspice ta karɓe shi tare da salon LTspice.

Da dare na gwada taransista BC547 da zai kunna jar fitilar gargaɗi, a fayil daban. Da farko bakunansa `b`, `c`, `e` na kira su, daga baya na sauya. Wani tsohon layi `print c` ya rage a ƙasa. Maimakon ta ce babu, sai ta buga mini 2.99792e+08. Gudun haske ke nan, mita a daƙiƙa. ngspice tana da rumbun lambobin dindindin, `pi`, `e`, `c`, `boltz` da sauransu, in ta rasa suna a rumbun gwaji sai ta leƙa can. Wannan ya yi girman da ba zai ruɗi kowa ba. `e` ce abin tsoro, 2.718, lambar da za ta zauna daram a matsayin boltejin bakin taransista ba wanda ya ɗaga gira.

Asabar, 3 ga Mayu

Zanen allo a KiCad, manhajar zana allon sakit. Na fitar da jerin haɗi daga can don in tabbatar abin da za a buga shi ne abin da muka gwada, sai ga salo na uku. Wayar da na sa wa ƙaramin suna a shafi ta fito `/fita`, da sanda jirge a gaba. Layin wuta ya fito `+12V`. Waɗanda ban sa wa suna ba suka fito irin `Net-_R3-Pad2_`.

Gwajin kansa ya gudu, don a jerin haɗi waɗannan sunaye halal ne. A sashen umarni ne suka zama matsala, inda komai lissafi ne. Na rubuta `print v(net-_r3-pad2_)`, ta ce ba ta san wani abu mai suna `net` ba. Karan ɗori a wurinta alamar ragi ce, ta karanta `net` a cire `_r3` a cire `pad2_`. Sanda jirge rabawa ce, `+12V` kuwa lamba take gani, ba suna ba. Magani na gaggawa shi ne alamar zancen wani, `v("net-_r3-pad2_")`, sai ta haɗiye shi ɗungurungum. Amma wannan suna ɗan'uwan `N004` ne, daga lambar rasista aka ciro shi, ranar da aka sake lambobin kaya ya tafi. Na bi duk wayoyin na sa musu suna na gama-gari, irin wanda KiCad ke fitarwa ba tare da sanda ba, na mayar da layin wuta `batir`.

Na kuma kama wani da ya kusa wucewa. A zanen KiCad na kira gindin BC547 `vb`, a wani gefen kuma yaron ya sa `VB` yana nufin boltejin batir. KiCad ta ɗauke su waya biyu, don tana bambanta babban baƙi da ƙarami. ngspice tana mayar da komai ƙananan haruffa, ta haɗe su waya ɗaya, batir ya faɗa kai tsaye kan gindin taransista. Karant ɗin da ya fito ne ya tona, ya wuce hankali.

Na rubuta ƙa'idarmu a kwalin sabulu na manna a bango saman teburin soda. Ƙananan haruffa kawai, da lamba, da layin ƙasa. A fara da harafi, kada suna ya gaza haruffa huɗu. Sakamakon awo ya fara da `s_` don kada ya yi karo da sunan mahaɗa. A saman rubutun umarni kuma na ware wuri ɗaya da ake fassara sunaye, kamar `let a_raba = v(xu1.raba)`, duk sauran layuka da `a_raba` suke aiki. In suna ya sauya, layi ɗaya zan taɓa. Na ƙara awon tsaro kafin kowane gwaji: idan `mizani` bai faɗa tsakanin 2.4 da 2.6 ba, ko `fita` ba ta taɓa haura 10 ta kuma sauka ƙasa da 1 ba, rubutun ya buga gargaɗi ya tsaya.

Litinin, 12 ga Mayu

Allon farko ya haɗu ranar Alhamis. Na rubuta sunayen da alƙalamin maka a jikinsa, kusa da inda ake ɗora tsinken mita: `raba`, `mizani`, `fita`, `kofa`. Ƙaramin yaron shago, wanda bai taɓa buɗe ngspice ba, na ce ya auna mini mizani, ya ɗora ya ce 2.49. Muka riƙa sauke wuta a hankali da na'urar teburi, fitila ta mutu mita tana nuna 11.4, ta dawo a 12.5.

Jiya Lahadi muka kai Islamiyya muka ɗaura a sabon batirin, mosfet biyu a kan ƙarfen sanyaya. Malamin ya tsaya a kanmu har muka gama, ya ce, "Injiniya, in ta kashe muna fanka tsakar karatu hwa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, in ta kashe, batir ne ke neman hutu, a bar shi sai rana ta yi." Ya yi mana addu'a.

Da Magariba ya kira ni. Sun kunna lasifika, da mai kiran salla ya ɗaga murya sai komai ya ɗauke, alhali mita tana nuna 11.9. Amfilifaya ce ke fizgar wuta ta ɗan lokaci, boltejin ya nutsa ƙasa da 11.4 na ƙiftawar ido, sakit ya yanke, kuma ba zai mayar ba sai 12.5. A gwajina batir a hankali yake sauka, ban taɓa sa masa fizga ba. Yana bukatar jinkiri. Kafasita daga `raba` zuwa `0` zai yi: juriyar da ke wurin wajen 8k ce, da `100u` za a samu kusan daƙiƙa 0.8. Na gargaɗi yaron ya duba fayil ɗinsa, LTspice takan mayar da `u` ta koma `µ`, ya dawo mini da ita `u` kafin ya turo. Na riga na ƙara tushen fizga a gwajin, `ifizga`, amfiya 15 na daƙiƙa 0.2, na kuma ba batirin juriyarsa ta ciki, wadda ta haifar da sabuwar mahaɗa, `batir_ciki`. Gobe da safe zan shiga kasuwa neman kafasita mai ƙarancin yoyo, don wanda ke yoyo zai ja `raba` ƙasa ya ɗaga wurin yankewar, sannan in wuce Mabera kafin yara su shiga aji.